Kwaɗo a Kan Famfon Gobara

A gidan Alhaji Tambari da ke Runjin Sambo babu wanda ya san silin kamar yayarsa Bara'atu. Sauran mutanen gidan ƙasa suke kallo, ko waya, ko fuskar Alhaji don su gane yadda ya kwana. Ita kuwa tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye, sama kaɗai aka bar mata.

Gidan bene ne. Iyali suna sama, ƙasa kuma sito ne na hajar Alhaji: shadda da leshi, dilolin atamfa, da katifu. A nan aka ajiye gadon Bara'atu, can lungun gabas, aka ce na ɗan lokaci ne, tun da hawa bene da ita wahala ne ga masu ɗauka. Taga ɗaya ce, da ƙarafa a jikinta. Ƙofa ɗaya ce, ta ƙarfe, ana rufe ta daga waje da magariba, mabuɗin ya hau sama a aljihun Alhaji.

Gobara ta taɓa cinye wa Alhaji shago a kasuwa, shi ya sa ya kwaso haja gida, ya kuma ɗauko Bitrus, mai aikin bututun kashe gobara, ya ce a yi masa irin na manyan ma'aikatu. A kan Bara'atu aka yi aikin, ƙurar siminti tana zuba kan mayafinta. Jajayen bututu suka ratsa silin. Nan da can aka ɗaura musu wasu ƙananan kawuna na tagulla, kowanne da ɗan siririn gilashi a tsakiya, cike da jan ruwa. Ɗaya yana daidai saitin fuskarta. Babban bututun da ke shigo da ruwa daga tanki kuma a gefen gadonta ya bi, da jan sitiyari na buɗewa da rufewa, da wani ɗan agogo mai allura ɗaya, mai nuna ƙarfin ruwan tanki.

Ranar da aka gama, Bitrus ya tsaya yana yi wa Alhaji bayani, Alhaji yana saurare da kunne ɗaya, ɗayan yana kan waya.

"In wuta ta tashi, zafi zai fasa gilashin nan, ruwa ya feso da kansa," in ji Bitrus. "Amma akwai ƙa'ida, Alhaji, ba ni na ƙirƙiro ta ba. Kada kaya su matso kusa da kawunan. A bar wajen rabin mita a ƙasansu, don ruwan ya samu wurin bazuwa."

"Mi ar rabin mita? Yi muna da Hausa."

"Kamu ɗaya."

"To ka ga yanzu ka yi magana. Ni da nit tashi cikin awon yadi za ka gwada ma kamu?"

"Kada a shafa musu fenti. Tankin nan na wuta ne kawai, ba na wanka ko wanki ba. Sai kuma wannan." Bitrus ya dafa jan sitiyarin. Ya murɗa shi har ƙarshe, ya nuna allurar agogon a miƙe tsaye, sannan ya zagaya masa sarƙa ya datse da kwaɗo. "A buɗe nake kulle shi, don kada wani ya rufe. In an rufe nan, duk abin da ke sama ado ne."

Ya ƙara da cewa ɓangaren baya na siton, wanda aka ƙara daga baya aka rufa da kwano, masu jan gilashi ba su dace da wurin ba. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashin kwano da bazara zai iya fasa su ba tare da wuta ba. Masu koren gilashi ake sa wa irin wannan wuri, sun fi jure zafi.

"Waɗanga jajaye da munka riga munka saya hwa?" in ji Alhaji. "Duka ja za a sa. Gida guda, launi guda." Ya karɓi mabuɗin kwaɗon ya haɗa da na ƙofa, ya juyo wajen gado. "Yaya, kin ji da kunnenki. Duk Sakkwato babu ɗakin da yaf fi naki tsaro. Ko banki."

Bara'atu ta ce Allah ya saka da alheri. Maganarta tun ciwon a karkace take fita, amma irin wannan kalma kowa a gidan yana gane ta nan take.

Ta saba da jan gilashin da ke kanta. Da hantsi in rana ta leƙo ta taga yakan yi ƙyalli kamar idon zabo. Takan miƙa hannunta mai lafiya ta dafa babban bututun ta ji sanyinsa. Ba ta iya tashi, ba ta iya ko mirginawa sai an taimaka mata, to amma akwai wani abu a ɗakin da ke gadinta, wanda ba ya barci, ba ya kuma cewa yana da baƙi.

Alhaji ma ya ji daɗin abin. Duk baƙon da ya zo sai an shiga da shi sito ya ɗaga kai. Mu maza in muka kai shekarun tumbi, abin da muka saya ya fi abin da muka sani daɗin nunawa. Baƙi sukan yaba bututu, su gaida Bara'atu a kan hanyar fita.

Sai bazara ta shigo, irin ta Sakkwato, wadda kwalta ke laushi, ƙadangare ma ya nemi inuwa. Wata rana bayan azahar, Bara'atu ta ji wani abu ya ce tas a ɓangaren baya, sai ruwa ya ɓarke. Feshin bai kai gadonta ba, sai dai raɓarsa, wadda ta sauka a goshinta da wuyanta. Rabonta da jin sanyi irin wannan tun damina. Ta lumshe ido.

Ihun Alhaji ne ya sa ta buɗe su. Ya shigo ba hula, yana tsallake ruwa, yana kallon shaddarsa ta jiƙe sharkaf. Ya tsallake ƙafar gadonta, ya buɗe kwaɗon, ya murɗa sitiyarin har ya ƙi motsi. Ruwan ya tsaya. Ya ɗan yi tsaye yana haki. Sannan ya mayar da sarƙar yadda take, ya datse kwaɗon.

Bitrus ya zo da la'asar ya sauya kan da ya fashe. Da ya nemi a buɗe ruwa, Alhaji ya ce a'a.

"Ka ce in wuta ta tashi. Ina wutar? Abin ga naka bai san bambancin gobara da rana ba."

"Na faɗa tun farko, Alhaji. A sauya na bayan nan zuwa kore, shi ke nan. Aikin yini ɗaya ne."

"Sai an gama bikin Nuriyya. Yanzu kaina ya yi zahi."

"To a buɗe kafin nan."

"In buɗe shi sake jiƙa min lehen mutane? Kai da kanka kac ce a kulle shi kada wani shi taɓa. To ga shi a kulle, babu mai taɓawa."

Bitrus ya dubi kwaɗon, ya dubi Bara'atu, ya ce Allah ya ƙara sauƙi Mama, ya ɗauki jakarsa.

Daga nesa babu abin da ya sauya. Sarƙa tana nan, kwaɗo yana nan, jajayen gilasai suna ƙyalli. Wanda bai ga lokacin da aka murɗa ba, zai rantse komai lafiya.

Bikin Nuriyya, 'yar Alhaji ta fari, ya matso, kaya suka fara shigowa. Aka kwashe haja daga ƙarƙashin kwano aka dawo da ita gaba, wajen Bara'atu, don kada tsautsayi ya maimaita kansa, ko da yake babu ruwan da zai maimaita shi. Katifu suka hau kan katifu. Da farko Alhaji yana tsayawa ya auna da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya ce a bar kamu. Da wuri ya ƙure sai ya ce ai kamu iri-iri ne, akwai na dogo akwai na gajere, kuma Bitrus bai faɗi na wa ba. Kamu ya koma taƙi. Taƙi ya koma yatsa biyu. Wata safiya ledar katifa ta tokare ɗaya daga cikin kawunan har ya ɗan karkace, ba wanda ya auna komai.

Hanyar da aka bari daga ƙofa zuwa gadonta ta zama siririya, mutum ɗaya ke bi, shi ma a kaikaice. Warin sabon soso ya cika ɗakin, mai hawa kai. Tagar ma rabinta ya toshe.

Sadiyatu, matar Alhaji, ita ke kawo mata koko da safe. Ba muguwar mace ba ce. Tana wanke ta, tana sauya mata shimfiɗa, tana kuma gaya wa duk wanda ya zo cewa tana yi.

"Sadiyatu, a hid da ni daga nan," in ji Bara'atu.

"Mi kic ce, Yaya?"

"A hid da ni. An ruhe ruwa. In wuta ta tashi ba ni iya gudu."

"Kunu kika so? Gobe sai in dama maki."

Bara'atu ta sake faɗa, a hankali, kalma bayan kalma, har miyau ya zubo ta gefen bakinta. Sadiyatu ta goge mata da gefen zani.

"Haba Yaya, ki bar kira muna wuta cikin hidimar biki. Baki shina da kaifi. Kuma ina za mu kai ki yanzu? Sama cike take da dangi 'yan Dundaye, har kan matakala kwana suka yi. Ki yi haƙuri a kai amarya. Ɗakinta zai zama babu kowa."

Bara'atu ta riƙe wannan maganar kamar yadda take riƙe bututun.

Da Alhaji ya leƙo duba kaya ta gwada shi shi ma. Ta ce ko ƙofar ce a riƙa bari a buɗe.

"A buɗe? Da hajar mutane ciki? Yaya, ke ba ki hita, ba ki san yadda garin ga ya lalace ba. Kuma wuta ba ta tashi sai da ikon Allah. Wanda kwanansa bai ƙare ba, ko cikin murhu shika kwana babu abin da ka samun shi."

Ita ce ta goya shi yana jariri. Ta so ta tuna masa cewa tun yana yaro ba ya yarda ya kwana kusa da murhu, amma jimlar ta yi mata tsawo.

Ana saura 'yan kwanaki biki ruwan famfo ya ɗauke a unguwar, 'yan garuwa suka yi wuya. Mata cike da gida, ga tukwane, ga wankin yara. Wani mai dabara daga cikin dangi ya lura da ƙaton tankin nan na wuta a bayan gidan, cike taf, ba ya aikin komai. Aka jona masa tiyo. Bara'atu ba ta ga tiyon ba, sai dai tana jin mata suna ɗiba suna sa wa Alhaji albarka, suna cewa mutum mai hangen nesa ne. Abin da ta gani allurar agogo ce. Kullum tana ƙara sunkuyawa, kamar mai gyangyaɗi, har ta kwanta. Ta dafa bututun. Ya yi ɗumi kamar kowane ƙarfe.

Sai masu fenti suka zo, don ba a kai amarya daga gida mai dauɗa. Alhaji ya ce a haɗa da sito, tun da surukai za su so ganinsa. Aka lulluɓe kaya da leda, aka lulluɓe Bara'atu da tsohon zani har fuska, aka ce ta yi haƙuri minti kaɗan. Tana jin injin feshi yana huci a kanta. Da aka yaye zanin, silin ya yi fari fes. Bututu fari, kawunan tagulla fari. Ɗan gilashin da ke saitin fuskarta ya zama wani farin ƙullutu, kamar ido mai yana.

"Kin ga yadda ɗakinki yay yi kyau, Gwaggo?" in ji Nuriyya, da ta sauko nuna mata lalle. Ta zauna a bakin gado, ta ɗora hannayenta a kan hannun Bara'atu mai lafiya. Yarinyar tana sonta, kuma tana gane maganarta fiye da kowa. Bara'atu ta dubi lallen, ta dubi fuskar da ke ta murmushi, ta ce Allah ya ba da zaman lafiya. Ba ta ce komai game da wuta ba.

Ranar wuni, da rana tsaka, aka kawo wutar lantarki da ƙarfi. Fanka ta zabura. A bangon da ke ƙafar gadonta akwai soket da aka cusa wa wayoyi da yawa, har da wadda aka ja zuwa lasifikar masu kiɗa a tsakar gida. Bara'atu ta ji ƙauri. Ta ga robar soket ɗin tana narkewa tana ɗiga, wani siririn hayaƙi yana hawa ta bayan katifa, tartsatsi yana fita shuɗi-shuɗi. Tsakaninsa da ledar katifar bai kai taƙi ba.

Ta kira Sadiyatu. Ta kira Tambari. Ta kira sunan Allah. A waje mata suna guɗa, mai lasifika yana kiran sunayen ƙawayen amarya. Ta ɗaga kai ta dubi farin ƙullutun, shi ma yana kallonta. Ta kama ƙarfen gado da hannun dama ta ja jikinta da duk ƙarfin da ya rage mata, ta matsa kamar faɗin tafin hannu.

Sai aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, lasifika ta mutu, mata suka yi tsaki gaba ɗaya suna tsine wa masu lantarki. Hayaƙin ya sirance ya ɓace. Duk gidan mutum ɗaya ce ta sa musu albarka.

Da yamma aka ga baƙin tabo a sabon fenti. Alhaji ya ce a ja katifa a rufe shi kafin surukai su shigo.

Bayan biki Bitrus ya zo da kansa, da kawuna masu koren gilashi a leda, ya ce an ce sai an gama biki, ga shi an gama. Ya bi siririyar hanyar a kaikaice. Ya daɗe yana kallon silin. Ya ƙwanƙwasa agogon da yatsa, allurar ba ta motsa ba. Bara'atu ta yi masa nuni da hannu, ya ja katifar, ya ga tabon.

Alhaji ya sauko yana sakace.

"Alhaji, yanzu ba na baya kawai ba ne," in ji Bitrus. "Duk wanda fenti ya taɓa sai an cire an sa sabo, ba a kankarewa. A cika tanki, a rage kayan nan, a buɗe ruwa, a gyara waya. Yadda ɗakin nan yake, in soso ya kama, kafin a sauko da mabuɗi daga sama an gama. Ko ƙyalle ba za a fitar ba."

Alhaji ya daina sakace. Ya dubi tabon, ya dubi shaddarsa da leshinsa, fuskarsa ta sauya. Bara'atu ta san wannan fuskar. Ita ya dawo da ita daga kasuwa ranar da shagonsa ya ƙone.

"Ko ƙyalle?"

"Ko ƙyalle. Kuma Mama tana ciki."

"Gaskiya ta," in ji Alhaji a hankali. "Wanga ba abin wasa ba na. Aikin naka sai kasuwa ta ɗan buɗe, biki ya tatse ni. Amma gobe-goben nan za a ɗau mataki."

Bara'atu ta roƙi Sadiyatu ta ɗaure mata 'yan kayanta a ɗankwali: carbi, man zafi, kofin silba. Sadiyatu ta ɗaure ba tare da ta tambayi dalili ba.

Da hantsi 'yan dako suka zo, majiya ƙarfi, irin waɗanda mutum biyu cikinsu za su hau bene da gado da mai gadon ba su yi nishi ba. Suka gaishe ta da ladabi. Suka fara da shadda. Suka bi da leshi, sannan atamfa mai tsada. Tana jin takunsu a matakala, tana jin ana jan kaya a ɗakin Nuriyya, daidai saman kanta. Kafin azahar sun gama. Aka bar katifu, don sun yi yawa, kuma an ce kamfanin da ke yin su yana karɓar uzuri a kansu. Aka sallami 'yan dako.

Alhaji ya shigo yana share gumi, da murfin tukunya a hannu ɗaya, ludayin ƙarfe a ɗayan.

"Yaya, kin ga kin samu sarari, iska za ta riƙa shigowa." Ya ga ƙullin ɗankwalin a gefenta, ya kau da kai. "Ɗakin sama na ɗan lokaci na, kahin a yi gyara. Ke ma kin san leshi ba shi son hayaƙi. Kuma na yi tunani a kanki ƙwarai. Tun da ke ba ki cika barci ba, kuma hancinki lahiya lau shike, ga wanga." Ya jingina murfin a jikin ƙarfen gado, ya sa mata ludayin a hannun dama, ya matse yatsunta a kansa. "Da kin ji ƙauri, ki buga. Muna sama, nan take za mu ji. Kin ga ke kin tsare mu, mu mun tsare ki."

Ya tsaya kamar yana jiran godiya. Da bai samu ba, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Tun da yanzu babu mai shiga sito da rana, bai jira magariba ba. Ta ji ƙofar ƙarfen ta rufu, ta ji mabuɗi ya juya.

Ɗakin ya yi tsit. Zafin la'asar ya kwanta a kan katifu, warin soso ya tashi. Can aka kawo wuta, fanka ta soma juyawa, wani abu a cikin bango ya fara 'yar ƙara siririya kamar ta sauro.

Bara'atu ba ta ji ƙauri ba tukuna. Amma ta ga ya kamata ta sani. Ta ɗaga ludayin ta buga murfin, ta sake bugawa, ta ci gaba da bugawa har kafaɗarta ta gaji. Ta tsaya tana saurare.

An ɗan jima kafin a buɗe taga a sama. Muryar Sadiyatu ta sauko, a tausashe, ba faɗa a cikinta.

"Yaya, don Allah a hankali. Alhaji shina barci."